DARASIN WANNAN FITOWA: Ruwan Sha A Zango, Daga Weija Zuwa Bakin Moɗa

'Yan uwa fatake, da masu gidajen da muke sauka, da dillalai, da yaranmu masu rakiyar mota, darasin wannan fitowa a kan ruwan sha ne. Na san wani Alhaji zai ce, "Mu da muke jiran bayanin canjin sefa da sidi, da yawan shingayen da ke tsakanin Paga da Kumashi, me ya kai mu ga maganar famfo?" To, a yi haƙuri a karanta. Falke yakan ƙetare ƙasa biyu ko uku kafin ya sauke kaya a Turaku, kuma duk zangon da ya ya da, ruwan da ya tarar shi zai sha. Da wuya a sami mai shan ruwan garuruwa barkatai kamar mu. Sa'an nan kuma dukiyar da muke korowa tana da hannu a lalacewar ruwa, ko da yake ba mu cika son a faɗi haka ba.

Tsarkin alwala da lafiyar ciki

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ishmawi ko Risala ya san babin ruwa. An koya mana a duba abu uku, wato launi da ɗanɗano da ƙamshi. In najasa ta faɗa cikin ruwa ta jirkita ɗaya daga cikin ukun nan, ruwan ya ɓaci, ba a alwala da shi, ba a girki da shi. In abu mai tsarki ne ya jirkita shi, kamar nono, ana iya sha amma ba a ibada da shi. In kuwa makwancinsa ne ya canja shi, kamar laka ko gansakuka, babu laifi. Wannan karatu daidai ne, kuma a kansa muke.

Inda muke kuskure shi ne ɗaukar wannan ma'auni mu ɗora shi a kan lafiyar ciki. Malamai sun ba mu hukuncin ibada da abin da ido da hanci da harshe za su iya ganewa, don Allah bai ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Amma ƙwayar cutar da ke kawo kwalara ko taifot ba ta da launi, ba ta da wari, harshe kuma ba ya jin ta. Kofi guda na ruwa garau, mai sanyi, wanda za ka ga ƙasan kofin tar, yana iya ɗaukar abin da zai kwantar da ƙato. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya ma tsananta a kan ruwa kaɗan: a wurinsa 'yar najasa tana ɓata shi ko da bai jirkita ba. Ga kuma hadisan da suka hana yin bayan gida a mashaya, da fitsari a ruwan da ba ya gudu, da waɗanda suka yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka. Ashe ke nan ba baƙon abu likita ya zo mana da shi ba.

Akwai mas'ala guda da ta shafe mu fiye da kowa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne muddin ba najasa take ci ba. Shi ya sa falke zai taka kashin shanu a kara, ya goge ƙafa, ya ta da kabbara, kuma sallarsa ta yi. Daga nan sai zuciya ta saba, har mutum ya ɗauka abin da ba najasa ba ne ba ya cutarwa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo labarin wani ƙaramin gari a Kanada.

Yadda ruwa ke zuwa Nima da Mamobi

Unguwar Nima asalinta ta masu shanu ce. Wajen shekarar 1931 Malam Amadu Futa, wanda shi ma harkar shanu yake yi, ya sami fili daga dangin Odoi Kwao na Osu, a lokacin wurin daji ne a bayan garin Ankara. Baƙi suka riƙa sauka wurinsa, daga Arewa, daga ƙasar Mosi, daga Zabarma, daga ƙasar Hausa. Bayan yaƙin duniya na biyu jama'a ta ƙaru ƙwarai, gida ya manne da gida, lungu ya zama mutum biyu ba sa iya jerawa. Gidaje suka riga bututu zuwa, kuma wannan shi ne tushen matsalar. Da bututu ya zo bai sami hanyar kansa ba, sai ya bi hanyar da ya tarar a buɗe, wato gefen lambatu, abin da muke ce wa gota a nan.

Ruwan famfon Ankara yawancinsa daga wuri biyu yake fitowa. Akwai madatsar Weija a kan kogin Densu, can bayan mahaɗar Malam in ka nufi hanyar Kasuwa, akwai kuma Kpong a kan kogin Bolta. A can ake zuba wa ruwa alam ya kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin, wato sinadarin nan mai wari da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin ɗin ana sa shi ne da ɗan rara, don ya raka ruwan a cikin bututu har gida. Saboda haka mai cewa ruwan famfo yana warin magani, ya sani wannan warin shi ne ɗan rakiyar. Ruwan da ya kamata ka yi shakkarsa shi ne wanda ya iso babu ɗan rakiya.

To ina ɓarnar take shiga? Ruwan da ake tacewa bai kai yawan da birnin ke bukata ba, don haka rabo ake yi: yau a buɗe wa wannan unguwa, gobe ko jibi a buɗe wa waccan. Bututu in yana cike, ruwa na turawa da ƙarfi, ko ya huje waje yake fesawa, babu abin da zai shiga. Amma da an ɗauke ruwa ya zama fanko, sai ya koma zuƙa, kamar yaro mai zuƙar lemo da tsinke. Duk abin da ke kwance a bakin hujin nan zai ja shi ciki. In bututun a cikin gota yake, kun san abin da zai ja. Ku zagaya bayan kasuwar Nima ko gangaren babban gota ku duba da idonku: siraran bututan roba, wani an ɗaure shi da tsumma, wani da robar tayar keke, suna nutse a cikin baƙin ruwa. Masu sa injin jan ruwa kai tsaye a jikin bututu suna ƙara wa abin muni, don injin yana ƙara ƙarfin zuƙar, ya jawo wa maƙwabta ƙazanta yayin da mai shi ke cika tankinsa.

Ran da aka dawo da ruwa, abin da ya taru a cikin bututu shi ne zai fara fitowa. A ranar kuwa kowa yana gaggawa, mata da yara sun jera jarkokin nan rawaya da ake ce wa galan ɗin Kufuor, ba mai son ɗigo ya zube. Ni a ganina ruwan farko na wanki ne da share tsakar gida. A bar famfo ya zuba na ɗan lokaci, sai ya washe, kana a tari na sha.

Da damina abin yakan ninka. Gotar Nima tana gangarawa ne zuwa Odaw, ta faɗa tafkin Korle. In ta cika ta tumbatsa, ruwanta yakan hau kan bututu, ya shiga tankunan da aka haƙa a ƙasa, ya haɗu da abin da ya fito daga masai. Mutane suna tuna ambaliyar 3 ga Yuni 2015 saboda gobarar gidan mai da ke Sakul, inda mutum wajen 150 suka rasu. Amma kowace ambaliya, ko ba a ji labarinta a rediyo ba, tana barin abin da ta bari a cikin ma'ajin ruwan jama'a.

Kwalara ta fara shigowa Gana a 1970, tun daga nan kuma takan tafi ta dawo. Mafi muni ita ce ta 2014. Ta tashi a Ankara cikin watan Yuni, da tsakiyar damina, ta bazu jihohin ƙasar duka goma na wancan lokaci. Mutum kusan 29,000 suka kamu, fiye da 240 suka rasu, kuma mafi yawansu a jihar Ankara ne. A watan Oktoba na 2024 ta sake ɓullowa daga wajen Ada, ta bi gaɓar teku zuwa jihohin Tsakiya da Yamma. Ga inda abin ya shafi falke. Cutar tana iya bayyana bayan 'yan sa'o'i, tana kuma iya ɓoyewa har kwana 5. Daga Ankara zuwa Paga tafiyar kilomita wajen 800 ce, kwana ɗaya ko biyu a mota. Ke nan mutum zai iya shan ruwa a Mamobi ranar Litinin, ciwo ya kama shi ranar Alhamis a Puytenga ko Fada Ngurma. Da yawa ma cikin masu ɗauke da ƙwayar ba sa jin komai, amma tana fita a bayan gidansu na kwanaki. Jami'in boda yana duba takardar shanu, yana duba katin mutum, wannan kuwa babu mai ganinta.

A lura, kwalara ba daga shanu take ba. Daga bayan gidan ɗan Adam take, ta koma bakin ɗan Adam ta hanyar ruwa ko abinci ko hannu. Kada wani ya ɗora wa dabba laifin da ba nata ba. Nata laifin daban ne, ga shi nan tafe.

Abin da ya faru a Walkerton

Walkerton ƙaramin gari ne a jihar Ontariyo ta ƙasar Kanada, mutanensa ba su kai 5,000 ba, wato bai kai rabin wata unguwa a Nima ba. Garin manoma ne da masu kiwo. Ruwan famfonsu daga rijiyoyin burtsatse yake, kuma ɗaya daga ciki, wadda suke kira rijiya ta 5, ba ta da zurfi, mita wajen 15 ce kawai, dutsen da ke ƙarƙashinta kuma mai tsattsagewa ne. Kusa da ita akwai gonar wani mai shanu. A ƙarshen watan Afrilu na shekarar 2000 ya watsa takin shanunsa a gona, kamar yadda kowane manomi ke yi. Sai aka yi kwanaki ana ruwan sama, mafi ƙarfi ranar 12 ga Mayu. Ruwan ya jiƙa taki, ya bi tsagar dutse, ya shiga rijiya.

Cikin takin nan akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira E. coli O157, da wata kuma mai suna Kamfilobakta. Abin da ya kamata kowane mai shanu ya sani game da ta farkon shi ne, tana zaune a hanjin saniya ba tare da ta yi mata komai ba. Sa zai kasance lafiyayye, gashi na sheƙi, tozo a tsaye, dillali ya yaba, likitan dabbobi ya sa hannu, alhali tana cikinsa tana fita a kashinsa. In ta shiga cikin mutum kuwa sai gudawar jini, a wasu kuma, musamman ƙananan yara da tsofaffi, ta kashe ƙoda.

Da an sa kulorin yadda doka ta ce, kuma ana aunawa kullum, da an gane tun ranar farko, don ƙazanta in ta shigo takan cinye kulorin, ma'auni ya faɗi. Amma masu kula da ruwan garin, wasu 'yan uwa biyu da suka daɗe a kan aikin, sun saba sa ƙasa da ƙa'ida, sun kuma saba cika littafi da lambobin da ba su auna ba. Su a ganinsu ruwan rijiya ruwa ne mai kyau, ga shi garau, su da kansu suna sha. Ranar 17 ga Mayu sakamakon gwaji ya iso hannun babbansu yana nuna akwai ƙwayar cuta. Bai sanar da hukumar lafiya ba. Da yara suka fara cika asibiti, jami'an lafiya suka tambaye shi, ya nuna musu ruwa lafiya lau. Sai ranar 21 ga Mayu hukumar lafiya ta yi gaban kanta ta ba da sanarwar kowa ya tafasa ruwa. Kafin abin ya lafa mutum fiye da 2,300 sun kwanta, 7 sun mutu, wasu yaran kuma sun tashi da ciwon ƙoda.

Gwamnati ta naɗa alƙali Dennis O'Connor ya yi bincike, ya fitar da rahotonsa a 2002. Bai ga laifin mai gonar ba, don ya bi ƙa'idar zuba taki yadda aka tsara. Laifin ya faɗa kan masu kula da ruwan, da kuma gwamnatin jiha da ta rage ma'aikata da kuɗin sa ido. A 2004 kotu ta ɗaure babban shekara guda, ƙanen kuma aka yi masa ɗaurin talala na wata 9 a gida.

Jama'a, wannan fa Kanada ce, ƙasar da ruwa ba ya yankewa, bututu ba ya bin gota. Gona ɗaya, ruwan sama na 'yan kwanaki, da ma'aikaci mai rubuta abin da bai auna ba. Yanzu ku kwatanta da kara irin tamu, inda shanu ɗaruruwa ke kwana a fili guda shekara da shekaru, kashi ya taru ya yi kauri har ƙafa na nutsewa, ga rijiya a gefen gangare, ga mai tuwo da mai koko suna ɗiba a nan. Ku kwatanta da kwata, inda ake wanke tumbi da hanji, ruwan ya bi ƙasa ya nufi inda ya ga dama. Mai shanun Walkerton alƙali ya wanke shi domin ya bi ƙa'ida. Mu wace ƙa'ida za mu nuna in an tambaye mu?

Ba shanu manya kaɗai ba. Maraƙi mai zawo yana zubar da wata ƙwayar da ake kira Kiriptosforidiyam, wadda ita kulorin ma ba ya kashe ta da sauƙi, sai tafasawa ko tacewa mai kyau. Yaron da ya ɗauki maraƙi mara lafiya ya sa a mota, ya zo ya tsoma hannu a kwanon tuwo tare da mutum biyar, ya gama raba musu.

Saboda haka duk reshen da zai haƙa rijiya ko burtsatse a kara, ya sa ta a tudu, sama da turaku da masai, ba a gangarensu ba. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa shi ne aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, in ƙasar mai yashi ce ko mai tsagaggen dutse a ƙara. A ɗaga bakinta, a yi mata daɓen siminti mai gangara waje, a yi mata murfi. Komin ban ruwa a janye shi nesa, a kai masa ruwa da bututu, kada dabba ta zo ta tsaya a bakin rijiya. Guga ɗaya a rataye, ba kowa ya zo da nasa daga ƙasa ba. Kuma a kai ruwan gwaji, ko Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR da ke Ankara, ko Hukumar Ma'auni ta Gana, bayan haƙawa da kuma bayan kowace babbar damina. Mutanenmu na Bawku da Pusiga da Walewale su ma su kula, don duk shekarar da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina, wajen Agusta ko Satumba, rijiyoyin bakin kogi sukan nutse, kuma rijiyar da ambaliya ta hau sai an kwashe ta an sa mata magani kafin a koma sha.

Tsakanin jarka da baki

Sau da yawa ruwa yakan iso gida lafiya, mu mu ɓata shi da hannunmu. Randa a buɗe, moɗa a ƙasa, yaro ya fito daga bayan gida ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu. Babban tankin roba da ke kan rufi ko bakin masallaci, yaushe rabon a wanke shi? Mai tanka da ya cika maka shi, ka tambaye shi inda ya ɗebo? Kulorin ba ya daɗewa a ruwan da aka ajiye, kwana ɗaya ko biyu ya tashi, daga nan ruwan ba shi da mai tsaro. Gara jarka mai ƙaramin baki da murfi, wadda ake tsiyayawa, da randa mai faɗin baki da ake tsomawa. In randar ce dole, a sami moɗa mai dogon hannu, a rataye ta, kada a sha da ita.

Sai buta. Butar da ta shiga bayan gida, aka ajiye ta a daɓensa, ita ce za a fito da ita a yi alwala, a kurkure baki sau uku, wani ma ya kafa kai ya sha. A tasha da kara buta guda tana bin hannu hamsin a yini. Ba na cewa alwalar ba ta yi ba, wannan na malamai ne. Ina cewa a raba butar kewaye da ta alwala, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a kai ruwa baki. Falken da ke da kuɗin cika tirela ba zai rasa kuɗin buta biyu ba.

Alam, wanda wasu ke ce wa alif, aikinsa kwantar da laka ne kawai. Yana sa ruwa ya yi garau, ya rage datti, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Nan ne mutanenmu da yawa suke ruɗuwa a kan hanya: a ɗebo ruwan kogi a Buipe ko Yapei, a kaɗa alam, a ga ya washe, a ce Alhamdu lillahi. Bayan alam sai an tafasa, tafasa ta sosai mai ɓulɓula, a bar shi minti guda a haka. In babu wuta, akwai ƙwayar kulorin da ake sayarwa a kemis, irin su Aquatabs. Girmansu daban-daban ne, akwai wadda aka yi don jarka mai lita 20, saboda haka a karanta takardar ko a tambayi mai kemis. A jefa a ruwan da ya riga ya washe, a rufe, a jira minti 30. Mai shayi a tasha ya fi mai ruwan sanyi aminci, don nasa ya tafasa. Ƙanƙara kuwa ba ta kashe komai, adanawa take yi. Zoɓo da lamurje da burkina da ake sa wa ƙanƙara, lafiyarsu tana ga ruwan da aka dama da shi da wanda aka daskarar.

Ruwan leda, wato fiya wata, ya taimaka ƙwarai, kuma shi ne abin shan yawancin mutanen Ankara. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna da sunan kamfani da adireshi a jikin ledar. A kuma tuna da haƙori muke ɓula ta, bayan ta kwana a ƙasa, ta bi hannun mai talla da ke karɓar kuɗi, ta yi iyo a cikin narkakkiyar ƙanƙara. A wanke kusurwar kafin a kai baki.

Abu guda da tafasawa ba ta magani shi ne guba. Jarkar maganin kaska ko ta maganin feshi, in ta ƙare a huda ta a binne. Na sha ganin yaran mota sun ɗauraye irinta sun cika da ruwan sha sun rataya a jikin tirela, wai ai an wanke da omo. Roba tana shan magani, tana kuma sakinsa a hankali, balle in rana ta buga ta. Haka kogunan da masu haƙar zinariya ta galamse suka dagula, irin su Pra da Ofin da Birim. A 2024 kamfanin ruwa ya ba da sanarwar cewa dagulewar Pra a matatar Sekyere Hemang ta ninka abin da injinansa za su iya ɗauka har sau bakwai, shi ya jawo ƙarancin ruwa a Kep Kos da Elmina. Irin wannan ruwa ba na mutum ba ne, ba kuma na dabbar da za a yanka a ci ba.

In ciwo ya kama mutum a hanya

Gudawa mai ruwa tsululu, fara kamar ruwan wankin shinkafa, ga amai, ga ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, ido ya faɗa: a ɗauka kwalara ce har sai likita ya ce ba ita ba. Abin da ke kisa a cikinta ƙarewar ruwan jiki ne, kuma tana iya gamawa da babban mutum cikin yini guda. Kada a ce bari mu kai Tamale tukuna, ko bari mu sauke kaya. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. Kowace mota ta riƙe ƙunshin ORS kamar yadda take riƙe da igiya da tocila. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita guda, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri don neman ƙarfi, yawansa illa ne. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ko yana amai, ana tafiya asibiti mafi kusa. A nan unguwa akwai babban asibitin Mamobi, ga kuma Korle Bu.

Kada a ba mutum maganin shanu. Farin ruwan allura da kafso da muke ɗura wa dabba an auna su ne da nauyin sa, ba na ɗan Adam ba. In kuma gudawar da jini ce, musamman ga yaro, kada a sayi maganin tsayar da ciki a bakin tasha, don a irin ciwon Walkerton yana iya ƙara ɓarna. A kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita cewa yaron yana shiga cikin shanu. In fitsarinsa ya ragu ko fuska ta kumbura, kada a kwana.

In Allah ya yi wa mutum rasuwa da kwalara, gawarsa da tufafinsa da tabarmarsa duk suna ɗauke da cutar. A sanar da ma'aikatan lafiya su zo da ruwan kulorin, su nuna wa masu wanka yadda za su yi da safar hannu, kuma ruwan wankan a zuba shi a rami, kada ya bi gota. Waɗanda suka yi wankan, da matan da suka yi jinya, kada su taɓa tukunyar sadaka ko randar masu zaman makoki a ranar. A samo wasu daga maƙwabta su yi girkin, ruwan da za a ba baƙi kuma ya zama na leda ko tafasasshe.